Mu Kai 'Ya'yanmu Rijiyar Kusugu

Ran nan na tambayi 'yan matan ajina ko akwai wadda ta taɓa leƙa rijiyar Kusugu. Sai aji ya yi tsit, alhali a Daura aka yanke musu cibi! Baƙi kuwa daga nesa suke zuwa su sha ruwanta.

A nan ne, in ji masu tarihi, macijiya ta hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajidda ya sare kanta, ya auri Sarauniya Daurama. Daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai.

Uwargida, nemi iznin maigida ran Asabar, ki dama fura a gora, ki tasa yara gaba. Daga rijiya ku zarce ƙofar fada, kafin la'asar kun komo gida. Gani ya kori ji.