Wa Ya Kashe Token Ring?

Ka-cici-ka-cici: wace fasaha ce ta fi kishiyarta tsari, ta taɓa fin ta sauri, ga ƙaton kamfanin IBM tsaye a bayanta, amma yau da wuya ka ga wayarta a ofis?

Sunanta Token Ring. Masu bincike na IBM a Zurich suka yi aikin gina ta, aka kai ta kasuwa a 1985. Kwamfutocin ofis suna haɗe a zobe, wata 'yar alama mai bayit 3 tana zagaya su, wadda alamar ta iso wa ita kaɗai ke da izinin aika saƙo. Kishiyarta Ethernet ta wancan zamani kuwa, kowa na magana a waya guda. In biyu suka aika tare, saƙonni su yi karo, kowa ya ja baya ya sake. Duk da haka mai tsarin ce ta faɗi. Wa ya kayar da ita?

Rashin sauri? Ta fara da megabit 4 a daƙiƙa, Ethernet na da 10. Amma kafin 1990 ta kai 16. A sallami wannan.

To zoben ne? In kwamfuta ɗaya ta mutu, ai komai ya tsaya? A'a. Akwatin MAU, inda wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa, yana tsallake ta. Alamar ta ɓace? Akwai kwamfuta mai gadi da ke sako sabuwa.

Kuɗi fa? Mun fara jin ƙanshi. Katin da ke haɗa kwamfuta da Token Ring ya fi na Ethernet tsada nesa ba kusa ba, sai dai bankuna sun yi ta biya, don hanya marar karo suke saye. Tsada ta jikkata ta. Wani ne ya ƙarasa.

Wajen 1990 ya shigo. Daga Kalifoniya. Ƙaramin kamfani, Kalpana.

Abin da ya kawo shi ne suwic, na'urar da ke duba adireshin kowane saƙo ta miƙa shi kai tsaye ga mai shi. Da kowace kwamfuta ta samu layinta, karo ya gushe daga Ethernet. Kun ga wuƙar? Cutar da aka ƙera alamar don maganinta ce ta kau. Me zai sa ka biya da tsada don ka jira layinka, alhali hanya a buɗe take? A 1995 Ethernet ta kai megabit 100, kuma a araha.

A 2001 an amince da ƙa'idar Token Ring mai gigabit 1. Kayanta ba su taɓa shiga kasuwa ba.