Radiyo mai agogo: yadda ake daidaita shi da yadda ake moriyarshi

Akwatin radiyo ya daɗe da zama abokin zaman talaka da ma'aikaci a ƙasar Nijar. A shekara ta 1958 aka buɗe gidan Radiyo Nijar a birnin Yamai, wanda aka sake ma suna Muryar Sahel a 1974. Tun 1962 ƙungiyoyin sauraren radiyo suka kafu cikin garuruwa da ƙauyuka, inda manoma ke taruwa da maraice su saurari shiri, sannan su yi shawara bisa abin da suka ji. Abin da ya kawo wannan sauƙi shi ne wata ƴar ƙaramar na'ura mai suna taransisto, wadda aka ƙago a Amurka a 1947. Ita ta sa akwati ya rage girma, ya kuma yi aiki da pil maimakon kuran, har makiyayi na iya rataya shi a kafaɗa.

Daga baya maƙera suka haɗa radiyo da agogo cikin akwati guda, ta yadda zai kunna kanshi a lokacin da aka sa mashi, ya tada mai barci. Amma mutane da yawa sun saye shi ba su ci moriyar agogon ba, domin takardar bayani da faransanci ko ingilishi take zuwa. Wani ya sa shi don sahur, akwati ya yi shiru har rana ta fito. Wani ya makara, motar kasuwa ta tashi ta bar shi da buhunan wake a tasha. Galibi laifin ba na akwati ba ne, na daidaitawa ne.

Zancen pil

Aikin farko shi ne sa pil. Ƙananan akwatuna na ɗaukar pil ƙarama, manya kuwa irin mai kauri da ake sa ma cocila. Kowace pil tana da kai biyu, ɗaya mai alamar +, ɗaya mai alamar –, kuma an zana waɗannan alamomi cikin ɗakin pil. Wajibi ne a bi su. Ba a gama tsohuwar pil da sabuwa, don tsohuwar tana janye ƙarfin sabuwar, ta kuma zubar da ruwa mai cin ƙarfe. Abin lura shi ne, a mafi yawan akwatuna, da zarar an cire pil agogo ya mance lokaci, sai ya koma 12:00 ko 0:00. Saboda haka duk ranar da aka canza pil, a sake duba agogo kafin a kwanta.

Sa lokaci

A nan ne kuskure ya fi yawa. Agogon waɗannan akwatuna iri biyu ne. Akwai mai ƙidaya awa 24, kamar yadda ake rubutawa a biro da asibiti: ƙarfe 5 na asuba shi ne 5:00, ƙarfe 5 na marece kuwa 17:00. Akwai kuma mai ƙidaya awa 12, wanda ke nuna harufa AM daga tsakar dare zuwa tsakar rana, PM daga tsakar rana zuwa tsakar dare. Wanda ya sa 5:00 PM yana nufin asuba, akwatinshi bayan la'asar zai yi kuka.

Don sa lokaci, ana danne maɓallin da aka rubuta ma TIME ko CLOCK har lambobi su fara ƙyaftawa, a tura awa da maɓallin H, a tura minti da maɓallin M, sannan a sake danna na farkon. Ya fi kyau a jira lokacin labaru, sa'ad da mai magana ke faɗin ƙarfe nawa, a daidaita da shi.

Sai dai a san agogon wa ake faɗi. Gidajen radiyo na ƙetare sun saba ambaton agogon GMT, alhali agogon Nijar yana gaba da shi da awa 1. In an ce ƙarfe 6 agogon GMT, ƙarfe 7 ke nan a Maraɗi da Tawa. Agogon Nijar ɗaya yake da na Nijeriya da Benin da Cadi, amma Mali da Burkina Faso da Gana suna baya da awa 1. Faransa kuwa tana tura agogonta gaba daga ƙarshen watan Maris zuwa ƙarshen Oktoba, abin da Nijar ba ta yi.

Sa ƙararrawa

Bayan agogo ya daidaita, sai a danne maɓallin ALARM, a sa awa da mintin da ake son farkawa. Alamar ƴar ƙararrawa za ta fito bisa gilashi. In ba ta fito ba, aikin bai kama ba. Akwati yana ba da zaɓi biyu: ya tada mutum da muryar radiyo, ko da ƙara. Wanda ya zaɓi radiyo sai ya tabbata ya bar murya da ƙarfi, kuma tashar da ya kama tana aiki a wannan lokaci, domin ba dukan tashoshi ke kwana suna magana ba. Ga mai tashi kafin asuba, ƙara ta fi aminci. Kafin a dogara da akwati, a gwada shi da rana: a sa ƙararrawa minti 2 gaba, a zauna a ji.

Masu azumi suna da wani abin kiyayewa. Ƙasar Nijar agogo guda take bi, amma alfijir ba ya ketowa lokaci guda a ko'ina, don gabas tana riga yamma ganin rana. Tawa tana riga Yamai da fiye da minti 10, Maraɗi da wajen minti 20, Damagaram kuwa da kusan rabin awa. Mutumin Damagaram da ya sa ƙararrawar sahur bisa lokacin Yamai, yana iya farkawa ya iske ladan ya riga ya kira salla. Lokacin masallacin garinshi shi ne abin bi.

Kama tasha

Zangon FM yana tsakanin 87,5 da 108 bisa gilashin akwati. Muryarshi tana fita tas, amma ba ya nisa, kuma yana buƙatar a jawo sandar ƙarfen nan da ake kira anten. Matsakaicin zango bai damu da sandar ba, domin nashi anten yana ɓoye cikin akwati: sai a juya akwatin kanshi sannu a hankali har murya ta fito. Da dare ya fi cin nisa. Gajeren zango, mai mita 49, 41, 31 da 25, shi ke kawo muryoyin nesa. Da rana ƙananan mitoci sun fi kamawa, da dare manyan.

Maɓallin SLEEP yana kashe radiyo da kanshi bayan ƴan mintoci. Wanda ya saba barci ya bar akwati yana magana har safe, wannan maɓalli zai rage mashi kuɗin pil ƙwarai.

Kiyaye akwati

Rana da ƙura da ruwa su ne abokan gaban radiyo. Ba a barin shi cikin zafin bazara, ba a kuma shanya pil a rana ko a dandaƙa ta don neman sauran ƙarfi. Lokacin hunturu a rufe shi da ƙyalle. In za a daɗe ba a kunna ba, a cire pil. Matacciyar pil kuwa ba a jefa ta wuta, ko kusa da rijiya, ko inda yara ke wasa.

Ya kamata malaman yaƙi da jahilci su kai irin wannan akwati cikin aji, domin karanta 17:00 da 5:00 darasin ƙidaya ne mai amfani nan take. Wanda ya iya kuma ya koya ma maƙwabcinshi. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha. Haka nan da rashin sani ake barin rabin amfanin abin da aka saya da gumi.