Mene ne Taser da BolaWrap da ake ba 'yan sanda?

Idan ɗan sanda ya harbe wanda ake zargi a Amurka, akan sake tada maganar kayan aiki irin su Taser da BolaWrap. Kayan aiki ne na tsayar da mutum a kama shi ba tare da harsashi ba.

Taser, wadda Jack Cover ya ƙirƙira a shekarun 1970, tana harba 'yan allurai biyu masu ɗauke da siraran wayoyi. Da zarar sun maƙale a jiki, lantarki sai ya sandarar da tsoka na kimanin daƙiƙa 5, mutum ya zube ƙasa. Ita kuwa BolaWrap igiya take cillawa daga 'yar tazara, ta naɗe ƙafafu ko hannaye. Masu ƙera ta sun fi tallata ta don kama mai taɓin hankali.

Amma fa Taser tana da haɗari. Binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters na 2017 ya gano mutum fiye da 1,000 da suka mutu a Amurka bayan an yi amfani da ita a kansu, sau da yawa haɗe da dannewa ko duka. A 2021 kuma, wata 'yar sanda a jihar Minnesota ta zaro bindiga a zaton Taser ce, ta kashe wani mai suna Daunte Wright.