Zamewar Kuloci a Motar da Ba Ta Yi Doguwar Tafiya Ba

Kuloci shi ne mahaɗar inji da giyabos a motar da ake sa wa giya da hannu. Manyan sassansa uku ne: faifai mai lainin irin na birki a fuskokinsa biyu, murfi mai sifirin da ke matse faifan, da boris ɗin da ke sassauta matsin idan direba ya taka feda. Faifan yana tsakanin murfin da filawil, ƙaton faifan ƙarfen da ke bayan inji. Muddin matsin ya cika, duk juyin da inji ya yi sai ya isa ga giya. Idan matsin ya ragu ko fuskar faifan ta yi santsi, sai inji ya riƙa juyi ƙarfinsa yana salwanta a hanya, ya koma zafi. Wannan ita ce zamewar kuloci.

A hannun direba mai kula, kuloci yakan wuce kilomita 100,000. Shi ya sa mai motar da malejinta bai taka kara ya karya ba yake mamaki idan bakanike ya ce masa kuloci ne. Amma ba tsawon tafiya ke cinye faifai ba, yawan gogayya ne da zafi. Motar da ke mirginawa daga Gusau zuwa Kaura Namoda a giya ta 5 ba ta rage komai a jikin faifanta. Wadda ta kafe a yashi ko taɓon damina a hanyoyin ƙauyukan Zurmi, direba yana ba ta wuta da rabin kuloci, tana iya ƙona shi cikin 'yan mintoci. Haka Golf ɗin da aka danƙara wa lodi ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, tana tsayawa tana tashi a ramuka da shingayen bincike. Motocin tsere da masu kama da su, irin su Golf GTI, sun fi saurin nuna alama, domin injinsu yana da ƙarfi, masu su kuma suna son fizgar su daga tsaye. Akwai kuma batun maleji shi kansa: a cikin motocin Beljiyam da aka shigo da su ta Kwatano, akwai waɗanda aka mayar wa lamba baya. Sulɓin robar feda da na sitiyari sun fi lambar faɗin gaskiya.

Alamar farko takan bayyana ne a babbar giya, a hawa ko da kaya. Direba zai danna totur, kukan inji ya tashi, allurar juyin inji ta haura, amma gudun mota bai ƙaru ba. Sau da yawa ana jin ƙauri irin na birkin da ya ɗau zafi, kuma feda ba ta kamawa sai ta zo can sama. Ana tabbatarwa da gwaji biyu. Na ɗaya, a miƙaƙƙen titi marar cunkoso, bayan inji ya ɗau ɗumi, a sa giya ta 4 ko ta 5 a gudun kilomita 50 zuwa 60, a danne totur gaba ɗaya. Idan kuloci lafiya yake, allurar inji da ta gudu tare za su hau. Na biyu, a fili, a ja birkin hannu, a sa giya ta 3, a ɗan ba da wuta, a saki feda a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. Idan injin ya ci gaba da aiki, faifan yana zamewa. Wannan gwajin ba a maimaita shi, domin shi ma yana ƙona faifai. A kuma bambance zamewar kuloci da ta taya a kan yashi, da kuma kulocin da ba ya saki, wanda alamarsa gurzar giya ce lokacin sa ta.

Tabbatar da zamewa bai isa a sauke giyabos ba. Bincike daga waje yake farawa. A motar da ke amfani da kebur, ya kamata feda ta yi ɗan wasa na santimita 1 zuwa 2 kafin ta fara aiki. Idan kebur ya ɗaure, boris zai riƙa danna sifirin ko da ƙafa ba ta kai, kuma saiti kaɗai yana iya magance shi. Yawancin Golf 3 kebur ɗinsu mai saita kansa ne, kuma yakan maƙale. A masu amfani da mai, irin su Peugeot 504, man birki ne ke tura kuloci. Man yana tsotsar danshi, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara 2. Idan datti ko kumburarriyar roba ta toshe ramin da mai ke komawa ta cikinsa, matsi zai tsaya a bututu, kuloci ya zama kamar an ɗan taka shi. Ko tabarmar ƙasa da ta hana feda dawowa tana jawo haka.

Daga nan sai a leƙa ƙarƙashin mota, a mahaɗar inji da giyabos. Jiƙewar wurin da baƙin mai ko man giya tana nuna sil ya lalace, mai yana sauka a kan faifai. Wannan yana samun har motar da ta daɗe a ajiye, domin roba tana bushewa a zafin bazara ko an hau mota ko ba a hau ba.

Idan waje bai nuna komai ba, sai a buɗe. Faifan da ya siɗe har ƙusoshinsa suka fito ya gama aiki. Wanda yake da kauri amma fuskarsa tana sheƙi, zafi ne ya gasa shi, kuma za a ga shuɗin tabo a filawil. Faifan da ya sha mai ba ya wankuwa da fetur, kuma sabo ma zai lalace idan ba a canza sil ba. Ana canza faifai da murfi da boris tare, a gyara fuskar filawil ko a musanya shi idan irin mai ɓari biyu ne na motocin zamani. Sabon kuloci yana bukatar tuƙi a hankali na kilomita 500 zuwa 800 kafin ya zauna. Bayan haka, tsawon ransa ya rataya ne ga direban da ke ɗauke ƙafa daga feda da zarar giya ta shiga, yake riƙe mota a hawa da birki, yake kuma sauke kaya a tura idan ta kafe.