Allon Ƙofa da Bashin Siyasa: Nazari Kan Raɗa wa Cibiyoyin Nijeriya Sunayen Manya

Wata tara kacal sunan Alhaji Abubakar Imam ya yi a kan filin jirgin saman Minna. A watan Yunin 2023 Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta Tarayya ta sanar da raɗa wa filayen jirgi goma sha biyar sunayen fitattun 'yan ƙasa, bisa amincewar da Muhammadu Buhari ya yi kafin ya sauka daga mulki, kuma a cikin jerin da sarakuna da sojoji da 'yan siyasa suka kusan cinyewa, sunan da ya fi faranta wa masu karatun Hausa rai shi ne na mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda aka haifa a Kagara ta Jihar Neja a 1911, ya kuma riƙe editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafuwarta a 1939. A watan Maris na 2024 gwamnatin Jihar Neja ta Mohammed Umaru Bago ta sauke wannan suna ta ɗora na Shugaba Bola Ahmed Tinubu, wanda a lokacin bai cika shekara guda a kan kujera ba. Abin da ya biyo baya ya nuna cewa lamarin Minna somin taɓi ne, domin a cikin shekara biyu an ga sunan shugaba mai ci a kan ɗakin karatu na Majalisar Dokoki ta Ƙasa, da wani barikin soja a Abuja, da Babban Zauren Taro na Ƙasa da Ƙasa wanda gwamnatin Babangida ta gina a 1991. An mayar da Jami'ar Abuja ta Yakubu Gowon a ƙarshen 2024, sannan a watan Yulin 2025 aka ba Jami'ar Maiduguri sunan Buhari kwana huɗu bayan rasuwarsa. Sunan ginin gwamnati ya zama kuɗin da 'yan siyasa ke biyan junansu da shi, kuma waɗanda ake zaftare wa kaso a wannan ciniki su ne marubuta da mawaƙa da 'yan wasa.

Tushen lamarin yana cikin yadda iko da dukiya ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Mafi yawan jihohi sun dogara ne da kason wata-wata daga asusun tarayya, wato asusun da ake tara kuɗin mai da wasu haraji a raba tsakanin matakan gwamnati uku, kuma baya ga wannan kaso akwai ayyukan tarayya irin su hanyoyi da madatsun ruwa da manyan makarantu waɗanda samunsu ya danganta da yadda fadar shugaban ƙasa ke kallon gwamna. Minista kuwa kujerarsa gaba ɗaya a hannun shugaba take, haka nan tikitin takarar wa'adi na biyu yakan bi ta hannun masu riƙe da jam'iyya. Mutumin da ke cikin wannan matsayi yana bukatar hanyar nuna biyayya wadda kowa zai gani, kuma babu wadda ta kai suna araha, tunda abin da yake ci bai wuce allo da fenti da taron yanke ƙyalle ba, ba ya bukatar layi a kasafin kuɗi, kuma wanda aka karrama ba ya iya cewa bai gani ba, domin shi ake gayyata ya buɗe. Idan aka ɗora marubucin da ya rasu tun 1981 a sikeli ɗaya da shugaba mai ci, sakamakon sananne ne tun kafin a auna: marubucin ba shi da wakilai a taron fid da gwani, ba ya sa hannu a takardar kwangila, kuma iyalansa ba su da abin da za su hana gwamna idan ya ɓata musu.

Raɗa wa wuri sunan mai mulki tsohon abu ne a Nijeriya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauki sunan Sardauna a 1962 yana raye yana Firimiya, har ta sa kwalejin Kano da ke ɗauke da sunansa ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero. Sai dai a shekarun da suka biyo baya an fi jiran mutuwa: filin jirgin Legas ya zama na Murtala Muhammed bayan kisansa a 1976, Jami'ar Ife ta zama ta Obafemi Awolowo bayan rasuwarsa a 1987. Abin da ya sauya a Jamhuriya ta Huɗu shi ne kunyar da ta ragu, ta yadda babban filin wasa na Uyo ya ɗauki sunan Godswill Akpabio, gwamnan da aka gina shi a zamaninsa da kuɗin jiha, alhali yana tsakiyar rayuwarsa ta siyasa, kuma yanzu shi ne shugaban Majalisar Dattawa. Suna a irin wannan yanayi ya tashi daga hukuncin da tarihi ke yankewa bayan an ga ƙarshen aikin mutum, ya koma kafin alƙalami.

Ƙa'ida ma ba ta tsaya a hanya ba. A aikace ba a ga wani wa'adi da ake jira bayan mutuwar mutum ba, ba a ga kwamitin masana tarihi da ake tuntuɓa ba, kuma gada ko zaure ko filin wasa sanarwa ɗaya ta isa ta sauya masa suna. Jami'o'i dai suna da ɗan shinge, domin sunan kowace yana rubuce cikin dokar da ta kafa ta, kuma gyara doka aikin majalisa ne. Wannan shinge ne ya taimaki Jami'ar Legas a 2012, lokacin da Goodluck Jonathan ya sanar a jawabin 29 ga Mayu cewa ta zama Jami'ar Moshood Abiola, ɗalibai suka fito kan titi, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu, maganar ta mutu a tsaye. Darasin da masu mulki suka ɗauka daga nan shi ne zaɓen lokaci. Sanarwar Maiduguri ta fito ne a zaman Majalisar Zartarwa na musamman da aka yi domin alhinin Buhari, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, lokacin da duk wanda ya buɗe baki ya ce a dakata za a ce ba ya ganin girman mamaci, kuma duk da haka reshen ƙungiyar malaman jami'ar ya fito ya ƙi amincewa.

Akwai kuma wani dalili na al'ada wanda ya fi nauyi a Arewa, kuma shi ne ke bayyana abin da ya sa ba a jin zafin cire sunan mai fasaha. A tsohon tsarin zaman Hausawa makaɗi da maroƙi su ne ke ɗaukaka sunan wasu, su kuwa ladansu riga ce da doki da kuɗi, abin da ake ci ya ƙare. Gwamnatin zamani ta gaji wannan rabo ba tare da ta sauya shi ba: mai mulki ya samu gini, mai fasaha ya samu tukuici. Lokacin da 'yan matan Super Falcons suka doke Maroko da ci uku da biyu a watan Yulin 2025 suka ɗauki kofin Afirka karo na goma, an yi wa kowacce alkawarin kwatankwacin dala dubu ɗari da gida da lambar girmamawa ta ƙasa, kuma wannan kyauta ce mai tsoka, amma irin wannan alkawari ne aka yi wa 'yan wasan da suka ci kofin Afirka a 1994, waɗanda sai a 2021 aka amince a ba su gidajensu, bayan shekara ashirin da bakwai, alhali Rashidi Yekini da Stephen Keshi sun riga sun kwanta dama. Filayen ƙwallo su kansu shaida ne. A Kudu ana samun na Teslim Balogun a Legas, da na Dan Anyiam a Owerri, da na Keshi a Asaba, da na Adokiye Amiesimaka a Fatakwal, duka 'yan ƙwallo. A Arewa kuwa manyan filayen na Sani Abacha ne a Kano, da Ahmadu Bello a Kaduna, da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da Muhammadu Dikko a Katsina. Shago ɗan dambe ya wanzu a zukatan mutane ne saboda waƙar Ɗan Anace, wato wani mai fasaha ne ya adana ɗan'uwansa da bakinsa. Ko a takardun naira, sanannun fuskokin gaba na masu mulki ne da malamin makaranta ɗaya da gwamnonin babban banki biyu, Ladi Kwali mai ginin tukwane kuwa tana bayan naira ashirin.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da abin faɗa, ko da bai kai yadda suke zato ba. Gowon ya riƙe ƙasa a lokacin yaƙin basasa ya kuma kafa hidimar ƙasa a 1973, Buhari ya yi gwamnan Jihar Arewa maso Gabas da mazauninsa a Maiduguri a 1975, kuma ba wanda zai ce irin waɗannan ba su cancanci a tuna da su ba. Suna kuma nuna cewa a 2024 an ba Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu sunan Wole Soyinka, jami'ar Jihar Bauchi kuma tana ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. Amma Soyinka sai da ya ci kyautar Nobel a 1986 ya kuma kai shekara casa'in, Sa'adu Zungur kuwa ɗan gwagwarmayar siyasa ne kamar yadda yake mawaƙi, kuma tambayar da ake yi tun farko ba ta cancantar Gowon ba ce. Ita ce me ya sa karrama shi sai an goge sunan da wata cibiya ta yi shekara talatin da shida tana ginawa, alhali gwamnati na iya kafa sabon abu ta raɗa masa.

Illar farko ta faɗa kan cibiyoyin kansu. Sunan jami'a jari ne da ke taruwa a hankali, a kan takardun shaidar digiri da mujallun bincike da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da jami'o'in waje, kuma ɗalibin da ya shiga da suna ɗaya ya fita da wani, idan ya nemi gurbin karatu a Ingila ko Malesiya, sai ya haɗa da wasiƙar da ke bayyana cewa makarantar da ke kan sakamakonsa ita ce wadda ke kan shaidarsa. Kano ta ga yadda abin ke juyawa: Jami'ar Northwest ta zama ta Yusuf Maitama Sule a 2017 jim kaɗan bayan rasuwar Ɗanmasanin Kano, sannan da mulki ya sauya hannu aka mayar mata da sunanta na farko, ta yadda sunan dattijon da kowane ɓangare ke girmamawa ya shiga cikin rigimar da ba shi ya haddasa ba.

Illa ta biyu ita ce darajar karramawar kanta ta zube, domin jama'a suna da nasu hukuncin, kuma a bakin direban adaidaita sahu ake jin sa. Fasinja a Kano ya ce a kai shi Asibitin Malam, kowa ya san asibitin koyarwa na Aminu Kano yake nufi, har an gajarta sunan zuwa laƙabin da talakawa ke kiran mai shi, saboda sunan ya zauna. Amma asibitin da ke ɗauke da sunan Muhammad Abdullahi Wase a hukumance, wanda ya yi gwamnan soja a jihar, har yau Asibitin Nasarawa ne a bakin mutane, kamar yadda filin wasan Katsina yake Karkanda, na Ibadan kuma Liberty duk da sunan Awolowo da aka ɗora masa. Allon da aka kafa don faranta wa mutum ɗaya yakan tsaya a allo, takardun ofis su bi shi, kasuwa da tasha su ci gaba da abin da suka saba. Asarar da ba ta da irin wannan magani ita ce ta waɗanda ba a taɓa ba su allon ba, domin yaron da ya tashi a Kaduna yana wucewa ta titunan da ke ɗauke da sunayen gwamnoni da janar-janar zai haddace jerin masu mulki ba tare da an koya masa ba, amma sai ya yi dace da malamin Hausa nagari kafin ya san cewa Abubakar Imam ya zauna Zariya, nisan tafiyar awa guda daga gidansu, inda ya yi mafi yawan rubuce-rubucensa.