Sandar kurket ga ɗalibin sakandare: a auna yaro kafin a saya

A watan Janairun 2025, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar kurket ta duniya a Malesiya. Kafin makarantun Kwargaba, Wurno, Rabah ko Goronyo su fitar da irin waɗannan 'yan wasa, sai an daidaita sanda da mai riƙe ta.

Dokar wasan ta hana tsawon sanda ya wuce inci 38, faɗinta kuma inci 4.25. Wannan ita ce iyaka, amma ɗalibi da jikinsa ake auna masa. A tsayar da sandar a gefen ƙafarsa: kan mariƙinta ya kai saman cinya, kada ya wuce ƙugu. Sannan ya miƙa ta da hannu ɗaya. Idan hannun ya fara rawa nan take, ta yi masa nauyi.

Sanda mai nauyi tana jinkirta bugu, tana gajiyar da wuyan hannu, tana kuma saba wa yaro da karkatacciyar tsayuwa mai wuyar gyarawa.

Don haka duk lokacin da aka ware kuɗin kayan wasanni, masu bibiyar kasafi su tambaya: an auna ɗaliban, ko kwangila kawai aka cika?