Rarar Wutar Sola: Yadda Ake Sayar da Ita da Sharuɗɗan Cinikinta

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga cikin garin Birnin Kudu ko Gwaram a 'yan shekarun nan zai lura da baƙaƙen farantai a kan rufin gidaje da masallatai da kantuna. Waɗannan su ne farantan sola, masu mayar da hasken rana wutar lantarki. Sau da yawa, kafin azahar batir ya riga ya cika, alhali rana tana tsaka da ƙwallewa, sai sauran wutar da farantan za su iya bayarwa ta tafi a banza. A wasu ƙasashe akan tura irin wannan rara cikin layin wuta na gari, kamfani ya biya mai gida kuɗi a kan tsayayyen farashi da hukuma ta yanke. Wannan maƙala za ta bayyana yadda tsarin yake, da yadda ake neman shiga cikinsa, da kuma abin da ya wajaba magidanci a kudancin Jihar Jigawa ya sani kafin ya zuba dukiyarsa da fatan yin wannan ciniki.

Daga Ganye Zuwa Faranti

Ɗaliban kimiyyar halittu sun san cewa ganyen tsiro yakan kama hasken rana ya haɗa ruwa da iskar kabon ya samar da sukari. Abin da tsiron bai ci ba yakan adana shi a saiwa ko a ƙwaya, kamar yadda rogo da gero suke yi. Farantin sola ma hasken yake kamawa, sai dai shi wuta yake bayarwa nan take, kuma ba shi da rumbun kansa. An gina shi da sinadarin silikon, wanda ake tacewa daga irin ma'adinin da ke cikin yashi. Idan haske ya faɗa kansa, sai ya zaburar da ƙananan ƙwayoyin da ake kira lantaron su gudana ta cikin waya. Wani Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ne ya fara lura da wannan al'amari a 1839, sannan a 1954 aka ƙera farantin silikon na farko mai amfani a Amurka, wanda yake mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na haske wuta. Farantan da ake sayarwa yanzu sun kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, alhali yawancin amfanin gona ba sa adana fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansu.

Arewacin Nijeriya yana samun hasken da ya kai yunit 5 zuwa 6 a kan kowace murabba'in mita a wuni. Yunit ɗaya shi ne wutar kilowat ɗaya ta tsawon awa ɗaya, watau ma'aunin da mitar gida take ƙirgawa. Alal misali, gidan da ya kafa farantai masu ƙarfin kilowat ɗaya zai iya samun kusan yunit 4 a wuni, bayan an cire asarar da zafi da ƙura da wayoyi suke jawowa. Idan fitilu da fanka da talabijin da cajin waya suka ci yunit biyu da rabi, to saura ɗaya da rabi. Wannan ita ce rarar da ake magana a kanta.

Asalin Tsarin

Jamus ce ta shahara da wannan dabara. A 1991 wata doka ta fara aiki a can wadda ta tilasta wa kamfanonin lantarki sayen wutar da aka samar daga iska da ruwa da rana. A shekarar 2000 aka kawo sabuwar doka da ta ƙarfafa ta, ta hanyar ba mai faranti alkawura biyu: dole a haɗa shi da layi a karɓi wutarsa, kuma za a biya shi farashi guda har tsawon shekara 20. Hikimar ita ce, wanda ya san abin da zai samu shekara 20 masu zuwa zai iya lissafa lokacin da jarinsa zai dawo, banki ma zai yarda ya ba shi rance. Kuɗin da ake biya kuwa, har zuwa 2022, an riƙa raba shi ne a kan takardun kuɗin wuta na masu amfani da lantarki. Har ila yau, farashin da ake yanka wa sababbin masu shiga yana raguwa lokaci zuwa lokaci, domin a matsa wa masana'antu su sauƙaƙa kayansu. Yawan ciniki da wannan tsari ya haifar, tare da bunƙasar masana'antun ƙasar Sin, ya taimaka wajen faɗuwar farashin farantai da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Ashe ke nan farantin da ya iso kasuwar Birnin Kudu da sauƙin kuɗi yana da alaƙa da dokar da aka zartar a Jamus.

Yadda Ake Nema da Yadda Ake Biya

Misalin Birtaniya ya fi fito da matakan a fili. Ta buɗe nata tsarin a watan Afrilu na 2010. Da farko mai gida zai ɗauki ma'aikacin da ke da rajista ya kafa masa farantai da aka amince da ingancinsu, ya ba shi takardar shaida. Daga nan sai ya cika takardar nema wurin kamfanin sayar da wuta, ya haɗa da shaidar cewa farantan mallakarsa ne, da lambar da mitarsa ta nuna a ranar farko. Idan aka karɓe shi, yakan aika da karatun mita, galibi duk bayan wata uku, a zuba masa kuɗi a asusunsa na banki.

Biyan kashi biyu ne. Akwai kuɗin samarwa, wanda ake biya a kan kowane yunit da farantan suka haifar ko da mai gidan ne ya sha abinsa, akwai kuma kuɗin fitarwa a kan abin da ya shiga layi. Da yake gidaje da yawa ba su da mitar auna fita, sai aka ɗauka cewa rabin abin da suka samar ya fita. Waɗanda suka shiga da wuri sun sami kimanin fam ɗaya a kan kowane yunit biyu da rabi, na tsawon shekara 25. A 2012 aka zaftare farashin kusan rabi, aka kuma rage wa'adin zuwa shekara 20. A ranar 31 ga Maris, 2019 aka rufe ƙofa ga sababbin masu nema, amma waɗanda ke ciki ana ci gaba da biyansu har wa'adinsu ya cika. Daga Janairun 2020 wani tsari ya maye gurbinsa, inda kamfanoni ke yanka farashin rara da kansu.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

A 2015 Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Nijeriya, watau NERC, ta fitar da ƙa'idojin tsayayyen farashi ga wutar da aka samo daga rana da iska da ƙananan madatsun ruwa da tarkacen tsirrai. Burin shi ne a kai megawat 2,000 kafin ƙarshen 2020. Sai dai an tsara ƙa'idojin ne domin tashoshi masu ƙarfin megawat ɗaya zuwa sama. Megawat ɗaya kilowat 1,000 ne, watau ninki dubu na gidan da aka ba da misali da shi. Saboda haka magidanci ba ya cikin waɗanda aka yi wa tanadin. Ƙananan masu samarwa an bar su ga wata hanya dabam, wadda mita ke cire abin da gida ya tura daga abin da ya sha.

Manyan tashoshin ma ba su ji da daɗi ba. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu kan yarjejeniyar sayar wa gwamnatin tarayya wutar sola da ta haura megawat 1,000 a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane yunit, kuma wasu daga cikin tashoshin a Jigawa aka shirya gina su. Daga baya gwamnati ta nemi a rage farashin zuwa santi 7.5, aka kuma yi saɓani kan lamunin biya, aikin ya tsaya. Abin da ya tabbata a wannan shiyya shi ne irin tashar megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019 domin amfanin jami'ar, da tashar megawat 10 ta Kumbotso da aka ƙaddamar a Janairun 2023. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu kan sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba jihohi damar tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu.

Sharuɗɗa Uku

Kowace doka aka yi, a Abuja ko a Dutse, cinikin rara ba zai yiwu ba sai abubuwa uku sun cika.

Na farko, dole layin gari ya kasance da wuta a lokacin da rana take. Farantai suna ba da wuta mai gudana gefe guda, layi kuwa yana ɗauke da mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Na'urar da ake kira inbata ce ke sauya ta farko zuwa ta biyu, kuma sai ta saurari bugun layin kafin ta daidaita nata da shi. Da zarar an ɗauke wuta, an ƙera ta ne ta daina turawa nan take, domin kada ta kashe ma'aikacin da ya hau turke gyara yana zaton layin a mace yake. Don haka unguwar da ke wuni ba wuta ba ta da inda za ta zuba rararta, ko da farashin ya kai nawa.

Na biyu, sai da mita mai ƙirga shiga da fita dabam-dabam. Gidan da ake yanka wa kuɗin wuta bisa ƙiyasi ba shi da hujjar abin da ya sha, balle abin da ya bayar. Wasu mitocin kati ma sukan lissafa wutar da ta fita tamkar wadda aka sha, mai gida ya biya kuɗin kyautar da ya yi.

Na uku, sai mai saye yana da halin biya. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin lantarki a 2013. Kamfanin rarrabawa yana biya ne daga abin da ya tara hannun jama'a, kuma labarin tashoshin 2016 ya nuna cewa alkawarin farashi ba ya tsayuwa idan babu tabbacin kuɗi a bayansa.

Abin da Magidanci Zai Yi

Hausawa sun ce da hanau gara mannau. Wanda zai sayi farantai a Birnin Kudu ko Gwaram ya fara da lissafin abin da gidansa ke ci, ya sayi daidai da shi, kada ya ƙara farantai bisa zaton kamfani zai saya, sai ya ga rubutacciyar yarjejeniya da mitar da ta dace. Haɗa inbata da layin gari ba da izini ba haɗari ne ga rayuka. Rarar da ke akwai kuwa a ci moriyarta da rana: a ja ruwa zuwa tanki, a yi guga, a kunna firji ya daskarar da ƙanƙara, a ba da cajin waya. Manomin rani a fadama da ya maye gurbin injin fetur da famfon sola ya riga ya sami kuɗin rararsa ta hanyar man da bai saya ba. A riƙa goge farantai, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe su, a kuma bar sarari a ƙarƙashinsu domin iska ta ratsa, tun da zafi yana rage ƙarfinsu da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya haura 25.

Ga unguwa ko kasuwa ko ƙauye kuwa, NERC ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi masu layin kansu a 2016, ta sabunta su a 2023. Waɗannan ƙa'idoji sun ba kamfani ko ƙungiya damar kafa tasha har zuwa megawat ɗaya, a sayar wa maƙwabta wuta da mita bisa farashin da aka amince.

Kammalawa

Tsayayyen farashin rara dabara ce da ta yi aiki inda layi yake da wuta, mita take da gaskiya, mai saye kuma yake biya. Malaman kimiyya za su iya mayar da wannan batu darasi mai sauƙi: ɗalibai su jera kayan wutar gidajensu, su ninka wat na kowanne da awannin da yake aiki, su raba da 1,000 su sami yunit, sannan su rubuta sa'o'in da aka kawo wuta tsakanin hantsi da la'asar har tsawon wata guda. Waɗannan alƙaluma biyu sun isa su nuna ko gida yana da rara, da kuma ko akwai hanyar da za ta bi ta kai kasuwa.